Allurar Wata Uku-Uku

Shafi na 19

Jama'a ku sassauta min, saƙonninku sun kusa fasa min waya. Wata har cewa ta yi in ban saki wannan shafin ba za ta biyo ni gida ta ƙwace wayar ta karanta da kanta. To ga shi, kowa ya gyara zama. Waɗanda suka shigo yau kuma, ga inda muka tsaya: Auta tela tana shara ta tsinci 'yar kwalba a ƙarƙashin kekenta, kwalbar allurar da yayarta nas take yi mata duk wata uku da sunan ƙarin jini. Ta kai wa matar kemis don ta saya ta hutar da Yaya, matar kemis kuwa ta faɗa mata abin da ba shi ta je ji ba.

*

Ƙarfe sha ɗaya saura Yaya ta yi sallama a ƙofar shagon, fararen kayan aikinta na leƙowa ta ƙarƙashin mayafi, ga baƙar jakar nan da duk danginsu suka sani a kafaɗarta. Katin asibitin kowa a cikin jakar nan yake kwana. A gidansu in kanka ya sara ba likita kake nema ba, Yaya kake kira. Ita za ta cika takarda, ita za ta nuna maka inda za ka sa hannu, kai kuma ka sa ba ka ko karanta ba. Haka suka tashi. Ita ta goyi Auta tun ranar da mahaifiyarsu ta rasu, Auta tana 'yar shekara huɗu.

"Autar Baba, yau ko kallo ban isa a yi min ba? Aiki ya yi daɗi ke nan."

Auta ba ta ɗaga ƙafarta daga kan keke ba.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Taso mu shiga bayan labule, sauri nake, rabin awa na roƙa a wurin aiki."

Ta ajiye jakar a kan teburin yanka, ta ture almakashi da alli gefe, ta fara fito da auduga da sirinji kamar yadda ta saba. Sai a lokacin Auta ta tsayar da keken. Ta ja aljihun tebur, ta ɗauko 'yar kwalbar, ta ɗora ta a gaban Yaya a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Kin yar da wannan wancan zuwan."

Yaya ta dubi kwalbar. Rabin takardar jikinta a ɓare yake, rabin yana nan daram da rubutunsa.

"Au, nan ta faɗa? Na yi ta nema. Kawo."

Auta ta riga ta rufe ta da tafin hannu.

"Mece ce wannan, Yaya?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Allurarki mana."

"Ta me?"

"Ta ƙarin jini, sau nawa zan..."

"Yaya." Muryar Auta ko rawa ba ta yi ba, abin da ya fi ba Yaya tsoro ke nan. "Na kai wa matar kemis jiya. Kin san me ta ce min? Ta ce, au, ashe tsarin iyali kike yi, mu muna nan muna taya ki addu'ar samun haihuwa? A gaban mutane ta faɗa, tana dariya. Na ce mata ba ta iya karatu ba. Na hau mota na je wani kemis ɗin, daga nan na je na uku. Duk bakinsu ɗaya."

Ni dai tun da nake ba ku labarin Yaya ban taɓa ganin ta rasa amsa ba sai yau.

Ana haka aka yi sallama. Mijin Auta ne, mai gyaran wuta, wanda unguwa ta laƙaba wa Injiniya har sunan ya bi shi. Ya shigo da filaya a hannu, abin gwada wuta a maƙale a kunne, yana share gumi.

"Ina soket ɗin da kika ce yana tartsatsi? Na bar aikin mutane a buɗe fa. A'a, Yaya, ashe kina nan, ina wu..."

Idonsa ya sauka a kan kwalbar.

Da ma abin da Auta take son gani ke nan. Duk jiya tana roƙon Allah Ya sa in ya ga kwalbar ya tambaya mece ce. Bai tambaya ba. Yaya ya kalla, Yaya ta kalle shi, irin kallon mutum biyu da suka daɗe da ajiya ɗaya. Auta ta dafa tebur.

"Babu soket ɗin da ya lalace," in ji ta. "Rufe ƙofar. Ashe ka sani."

"Auta, ki tsaya ki ji..."

"Rufe ƙofar na ce, kada masu ɗinki su shigo su ga yadda ake cin amana."

Ya rufe. Ya tsaya a jikin ƙofar tsuru-tsuru, dogon mutum kamar an jiƙa shi da ruwa.

"Sau nawa?" ta tambayi Yaya.

"Auta..."

"Ni na ƙirga. Goma sha biyu. Yau da ta zama ta sha uku. Shekara uku cur ina ɗaga miki zane da hannuna, in kin gama in ce miki Allah Ya saka da alheri. Al'adata ta ɗauke, kika ce ƙarancin jini ne. Na yi ƙiba, kika ce hutu ne. Sau biyu ina zaton ciki ne da ni, Yaya. Sau biyu! Na farkon ma ke na fara kira ina ihun murna, kika ce in bari ki zo ki duba ni. Kika zo, kika rungume ni, kika ce in yi haƙuri lokaci ne bai yi ba. Har kuka kika taya ni."

"Kukan gaskiya ne," Yaya ta faɗa can ƙasa.

"Kai kuma," ta juya kan mijinta, "kana zaune Hajiyarka take miƙo min jiƙe-jiƙe, masu ɗaci da masu wari, ina toshe hanci ina sha. Kana zaune ƙannenka suke cewa ni ɗinka wa 'ya'yan mutane kaya kawai na iya. Me kake ce min in mun dawo gida? Rabu da su, Auta, haihuwa ta Allah ce. Ashe kai da Yaya kun riga kun karɓe aikin."

"Subhanallahi, ki daina faɗin haka."

"Yau ka san subhanallahi?"

Ta durƙusa ta jawo akwatin da ke ƙarƙashin teburin guga, ta buɗe, ta kife shi a gabansu. Ƙananan riguna ne, da huluna, da 'yan wanduna da ba su fi tafin hannu ba. Duk ƙyallen da ya yi saura a ɗinkin mutane in ya burge ta, ajiyewa take, ranar da babu aiki ta zauna ta haɗa. Ba ta taɓa nuna wa kowa ba.

Injiniya ya kau da kai. Yaya ta zame ta zauna a kan benci.

"Me na yi muku? Abin da nake son ji ke nan. Me na yi muku?"

Yaya ta amsa, idonta a kan rigunan.

"Ciwon Baba ne."



Wanda bai ga Babansu a ƙarshen rayuwarsa ba ba zai gane ba. Mutum ne mai ƙarfi, kafinta, har ya haura arba'in ko zazzaɓi bai cika yi ba. Sai yatsunsa suka fara motsi da kansu. Daga nan guduma ta fara suɓuce masa, tafiya ta zama kamar ta mai maye, harshe ya karye, hankali ya fara tafiya yana dawowa. Shekara goma sha biyar yana narkewa a gabansu, Auta ce mai ba shi abinci a baki. Bayan rasuwarsa wata likita mai bincike ta kira su ta ce ciwon na gado ne, kowane ɗa yana iya ɗauka yana iya tsira, rabi da rabi. Ta ce yanzu akwai gwajin jini da zai nuna wa mutum ko yana ɗauke da shi tun shekaru kafin ya fara, amma magani kam har yau babu. Ta roƙe su su ba da jini don bincike, ta ce sakamakon kuwa sai wanda ya so za a faɗa wa.

"Na ce ba na son sani," in ji Auta. "A gabanki na faɗa wa likitar. Na ce tun da babu magani a bar ni in yi rayuwata, ranar da ya zo na gan shi. Ke kika cika min takardar, na ga lokacin da kika yi alama a ɗan akwatin da ke cewa ba na so."

"Na yi."

"Likitar ta ce ko mijina ba za a faɗa wa ba. Ta ce ko suna ba sa rubutawa a jikin jinin, lamba suke sawa. Ta ce mai son sani sai ya zo da ƙafarsa, a zaunar da shi, a yi masa bayani. To ta ina kika sani?"

Yaya ta sunkuyar da kai.

"Akwai wadda muka yi makaranta tare, a ɗakin gwajin take aiki."

"Sai kika roƙe ta."

"Wata biyu na yi ba na iya cin abinci, Auta. In na dubi yarana sai in ga Baba. In na dube ki sai in ga Baba. Na ce mata ta duba min na gidanmu kawai. Ta ƙi, na yi ta binta, har gidanta na je. Ƙarshe ta turo min layi biyu a waya, ta ce kada in ƙara kiranta."

"Sai kika ga ina da shi."

Hawaye suka zubo wa Yaya.

To kun ji. Abin da yarinyar nan ta toshe kunne shekara uku don kada ta ji, yau an zuba mata shi a tsakiyar shagonta, tsakanin dutsen guga da ƙyallaye, babu likita, babu mai riƙe mata hannu. Ta dubi yatsunta. Yatsun da take zura zare a allura ko ba ta kalla ba. Tsoro ya kama ta, amma wallahi baƙin cikin ya fi tsoron yawa.

"Shi kuma wa ya ce ki faɗa masa?"

"Mijinki ne."

"Jinina ne! Ni mai jinin ban sani ba, ƙawarki ta sani, ke kin sani, shi ya sani. Wa kuma? Hajiya? Mai shayin bakin titi?"

"Babu kowa, na rantse," Injiniya ya yi saurin cewa. Ya matso taku ɗaya. "Auta, ranar da Yaya ta faɗa min, a kan tsani nake, saura kaɗan in faɗo. Ban taɓa tunanin rabuwa da ke ba, ko sau ɗaya. Na ce ko a bayana zan goya ki in lokacin ya zo. Amma yaro fa? Mu haifo shi muna sane, ya tashi yana jinyar uwarsa, yana gamawa shi ma ya kwanta? Na ga Baba da idona."

"Sai ka yanke hukunci."

"Ba cewa muka yi har abada ba. Yaya ta ce akwai wata sabuwar hanya, ana haɗa ƙwan mace da na namiji a waje, a gwada su tun suna ɗigo, a zaɓi wanda ba shi da ciwon a dasa. Ta ce an kusa fara yi a kusa da mu. Jira kawai muke, in an fara sai mu zaunar da ke..."

"Ku ce min me? Auta taho mu je a zaɓa miki ɗa, kada ki tambayi dalili?"

Auta ta juya kan Yaya.

"Kuma waɗanda aka gwada aka ga suna da shi fa? Ina ake kai su?"

"Ba a dasa su," in ji Yaya.

"Ba a dasa su." Auta ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Wato da a zamanin Innarmu akwai wannan hanyar, ni ce wadda ba za a dasa ba. Da Baba ma ba a dasa shi ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana yi wa mutane ƙofa da gado, ya aurar da ke, ya saya min keken nan. Shi ma kuskure ne?"

"Kada ki juya min magana, ban ce haka ba."

"Ban ce hanyar ba ta da kyau ba, Yaya. Wataƙila da kun tambaye ni in ce a yi. Wataƙila in ce na haƙura da haihuwar gaba ɗaya. Wataƙila in ce zan haihu in bar wa Allah. Ban sani ba! Ba ku bar ni na sani ba. Cikina ne, ɗana ne, ciwona ne, amma ku biyu kuka zauna kuka raba a tsakaninku kamar yadin da aka kawo ɗinki."

Yaya ta ɗago, idonta jawur. Abin nata na manya ya motsa.

"To ya kike so in yi? Faɗa min, tun da ke ce mai hankali. Kin ce ba kya son sani. In na ce miki kada ki haihu, na faɗa miki ke nan. In na yi shiru kika haihu, na cuci yaron. Ta ina zan bi? Kullum a wurin aiki ina ganin iyayen da suke cewa da mun sani. Ni na sani, Auta. Na ɗauki zunubin a kaina don ke ki yi barci."

"Da ba ki leƙa ba fa?"

Auta ta matso gabanta ta ci gaba.

"Wa ya aike ki? An kulle ƙofa, an ce kowa da mabuɗinsa, kika bi ta taga. Kika ga abin da ya fi ƙarfinki, sai kika huce a jikina. Ke nas ce, Yaya. In wata ta yi wa mara lafiya allurar da bai sani ba a wurin aikinku, me ake yi mata?"

"Korarta ake yi," ta faɗa da ƙyar. "A karɓe takardarta."

"Amma ni ba mara lafiya ba ce, ko? Ni Auta ce. Auta ba a tambayarta, nuna mata ake inda za ta sa hannu."

Wannan maganar ta shigi Yaya. Ta kai hannu za ta ɗauki robar ruwan da ke kan tebur, robar ta suɓuce ta faɗi, ruwa ya malale a kan 'yan rigunan. Injiniya ya duƙa da sauri yana tsince su.

"Kada ka taɓa," in ji Auta. Ya sake su kamar ya taɓa waya mai wuta.

Ta share fuskarta da bakin ɗankwali, ta miƙa wa Yaya hannu.

"Nuna min."

"Me?"

"Saƙon. Na san ki, ba kya goge komai. Tun da kun riga kun kashe min rashin sanin, bari in gani da idona."

Yaya ta lalubo wayar a jaka. Ta daɗe tana dannawa, tana kuskure tana komawa, kafin ta miƙo. Hoton saƙo ne, ta adana shi shekara uku. Layi biyu ne kacal.

318, babu.

319, akwai.

Auta ta karanta, ta sake karantawa.

"Ina sunana?"

"Ai na ce miki ba sa sa suna. Ita ma ƙawar tawa lambar gidanmu kawai ta bi, ta ga jini biyu."

"To ta yaya kika san wanne ne nawa?"

"Ni aka fara ɗiba. Kin manta? Kina tsoron allura, na ce bari in fara ki gani. Na farko nawa, na biyu naki." Ta ja hanci. "Kuma ko ba a faɗa ba, Auta, ke kika ɗauko Baba. Fuskar, tafiyar, har bahagon hannun. Tun kina yarinya kowa yake faɗa. Da na ga saƙon ban ko yi mamaki ba."

"Katin da aka ba mu fa? Mai lambar a jiki?"

"Nawa na wanke shi a aljihun kayan aiki tun a makon. Naki kuma in na tambaye ki za ki zargi wani abu. Me zan yi da kati, abu a fili?"



Duk wanda ya taɓa kawo wa Auta ɗinki ya san halinta, ba ta yar da takarda. Awon mutum, ƙyallen da ya zaɓa, lambar wayarsa, komai sai ta maƙale shi da fil a littafin awo. In littafi ya cika ta rubuta shekara a bayansa ta jera a kan kanta. Yaya ta sha yi mata tsiya a kan haka, tana cewa wata rana ɓeraye za su gaje ta.

Ta taka kujera ta sauko da littafin shekara uku baya. Ta busa ƙurar da ke kai.

"Me kike nema?" in ji Injiniya.

Ba ta kula shi ba. Ta juya musu baya, ta buɗe bangon ƙarshe. Yana nan inda ta soke shi ranar da suka dawo daga wurin likitar, fil ɗin har ya yi tsatsa ya ɓata gefen katin. Ɗan farin kati, da 'yar takarda mai lamba a manne a tsakiya.

318.

Ta dubi wayar. Ta dubi katin. Ta sa yatsa ta bi lambar ɗaya bayan ɗaya kamar mai koyon karatu. Uku, ɗaya, takwas. Babu.

Sai ranar ta dawo mata tar. Suna zaune a benci, Yaya ta cika tata takardar ta ajiye a cinya, ta cika ta Auta ta ɗora a kai, ta miƙa wa matar da ke kan tebur duka biyun. Matar ta ɓare lamba ta manna a ta sama, ta ɓare ta biyu ta manna a ta ƙasa. Tun kafin su shiga ɗakin ɗibar jini an riga an raba lambobin.

Abu na farko da ta ji daɗi ne, ba zan ɓoye muku ba, wani sanyi ya ratsa ta tun daga kai har ƙafa. Ba ta da shi. 'Ya'yanta ba za su ɗauka ba. Bayan shi sai wani baƙin ciki ya taso ya danne daɗin, shekara uku, allura goma sha biyu, jiƙe-jiƙen Hajiya, habaicin dangi, duk a banza, a kan lissafin wa aka fara ɗiba. Ta juyo da niyyar ta jefa musu katin a fuska.

Idonta ya sauka a kan hannun Yaya.

Yana kan cinyarta. Yatsu biyu suna motsi, suna ɗagawa suna sauka kamar mai taɓa wani abu da ba a gani, ita kuwa mai hannun ko sani ba ta yi ba. Auta ta san wannan motsin. Shekara goma sha biyar ta yi tana kallonsa.

Robar ruwan da ta faɗi yanzu. Wayar da ta kasa dannawa. Kwalbar da ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin keke, a hannun matar da ta yi shekara ashirin tana allura ba ta taɓa yar da ko auduga ba. Yaya bana ta cika arba'in da ɗaya. Yaranta huɗu, ƙaramar ko yaye ba a daɗe da yi mata ba.

Auta ta rufe littafin ta rungume shi a ƙirji.

"Kin samu?" in ji Yaya. "Katin ne ko? Kin ga sha tara ɗin da idonki, hankalinki ya kwanta?"



"Yaya, ranar nan, ke wane akwati kika cika wa kanki?"

"Irin naki mana. Ba na son sani. Daga baya ne zuciya ta ci ƙarfina." Ta tsaya, ta ƙura mata ido. "Me ya kawo wannan tambayar?"

Auta ta ƙara ƙanƙame littafin. Injiniya ya dubi wannan ya dubi waccan.

Yaya ta miƙe a hankali. Muryarta ta sauya, ta koma irin wadda take yi wa Auta magana da ita tun tana 'yar shekara huɗu.

"Auta, ba ni katin nan in gani."

Ta miƙo hannu, yatsun nan biyu suna ta motsi.